'Yar Ruwa Biyu da Jita: Jigo da Salo a Faya-fayan Mitski na 2014 da 2016

Gabatarwa

Abin da wannan maƙala ta sa a gaba shi ne nazarin faifai biyu na wata mawaƙiya da ake kira Mitski, watau Bury Me at Makeout Creek na shekarar 2014 da Puberty 2 na shekarar 2016. Za a dubi yadda aka haɗa su da irin kiɗan da aka ɗora waƙoƙin a kai, sa'an nan a auna wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sharhi, cewa wai waƙoƙin nan bayani ne a kan rayuwar wadda uwarta Bajapaniya ce ubanta kuwa Ba'amurke. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an faɗe ta da sauƙin da ya wuce kima. Duk wanda ya ɗora faifan yana jiran ya ji labarin Japan zai tashi hannu rabbana, domin a cikin waƙoƙi 21 da ke kan faya-fayan biyu ba a ambaci sunan ƙasar ba, Japanancin da ke ciki kuwa layi ɗaya ne tak a waƙa ɗaya. Tambayar da ta kamaci manazarci ke nan ita ce: in har jigon yana nan, a ina ya ɓuya, kuma da me aka gane shi?

An haifi Mitski Miyawaki ranar 27 ga Satumba, 1990, a lardin Mie na ƙasar Japan. Aikin mahaifinta a Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ya hana iyalin daɗewa wuri guda. Ta zauna Turkiyya da Sin da Malesiya da Jamhuriyar Cek da Kwango ta Kinshasa kafin ta sauka Niyok don karatu. Ta fara da koyon aikin fim a Kwalejin Hunter, daga baya ta koma makarantar kiɗa ta Kwalejin Purchase, inda ta karanci tsara kiɗa. Ita da kanta ta taɓa siffanta kanta da cewa rabinta Japan rabinta Amurka, amma ba ta cika ko ɗaya daga ciki ba.

Sunan da ake kiran su da shi

Kafin a shiga cikin waƙoƙin ya kamata a ɗan tsaya a kan suna, don kuwa a nan rikicin ya faro. Bayan da aka ci Japan da yaƙi a 1945, sojojin Amurka sun mamaye ƙasar har 1952, kuma a tsakanin nan aka haifi 'ya'ya masu yawa waɗanda iyayensu maza sojojin mamaya ne. Sunaye biyu aka laƙaba musu: ainoko, wanda zagi ne tsagwaronsa, da konketsuji, watau ɗa mai gaurayayyen jini. An yar da wasunsu, abin da ya sa wata mata mai suna Sawada Miki ta buɗe musu gidan marayu na Elizabeth Saunders a garin Oiso a 1948. Daga wajen 1970 sai kalmar hafu ta maye gurbinsu, kalmar da aka aro daga Ingilishi mai ma'anar rabi. Tushenta ɗaya da hafkas ɗin nan da ake ji a bakin 'yan boko. Hafu ta zo da ƙyale-ƙyale, domin an fi jin ta a kan 'yan matan talla da na talabijin, amma ƙyale-ƙyalen bai canza lissafin ba: mutum dai rabi ne. Wasu iyaye sun yi ƙoƙarin a koma cewa daburu, watau ninki biyu, kalmar ba ta kama ba sosai. Hausa a nan ta fi adalci da ta ce ruwa biyu, ko da yake ita ma tana da barbarar yanyawa a ajiye don ranar faɗa. A wannan maƙala ruwa biyu za a yi amfani da shi.

Doka ma ta bi sawun harshe. Har zuwa farkon 1985 ta wajen uba ake gadon zama ɗan ƙasa a Japan, saboda haka ɗan da Bajapaniya ta haifa wa baƙon da ya aure ta ba ya cikin lissafi. Shekara biyar ke nan tsakanin gyaran dokar da haihuwar Mitski. A 2015, watau tsakanin fitowar faya-fayan nan biyu, aka zaɓi Ariana Miyamoto, wadda mahaifinta baƙar fatar Amurka ne, ta wakilci Japan a gasar sarauniyar kyau ta duniya, sai ga mutane suna gunagunin cewa ba ta cika Bajapaniya ba, alhali a can aka haife ta kuma Japananci ne harshenta.

A ɗaya gefen tekun ma tarihin bai fi wannan daɗi ba. A 1942 gwamnatin Amurka ta tsare mutane wajen 120,000 masu asalin Japan a sansanoni, mafi yawansu kuwa haifaffun Amurka ne. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta soke dokokin jihohin da suka haramta aure tsakanin jinsi da jinsi, sai kuma a ƙidayar 2000 aka fara barin mutum ya nuna cewa jinsinsa ya fi ɗaya. Sai dai a lura, Mitski ba ta fito daga zuriyar Japanawan nan da suka yi ƙaura zuwa Hawai da Kalifoniya tun ƙarshen ƙarni na 19 ba, ba ta kuma girma a Japan kamar Miyamoto ba. Ba ta da unguwar da za ta ce tasu ce a ko wanne ɓangare. Wanda ya manta da wannan zai yi ta neman abin da babu a cikin waƙoƙinta.

Faifan da aka haɗa a gida

Kiɗan da ake kira indi rok ya samo sunansa daga ƙananan kamfanonin faifai masu cin gashin kansu, waɗanda suka yawaita a Ingila da Amurka tun ƙarshen shekarun 1970. Kayan kiɗansa ba su da yawa: jita mai lantarki, da babbar jita mai kaurin murya, da ganguna. Abin da ya ba shi ƙafa shi ne arahar kayan ɗaukar murya. A 1979 kamfanin TEAC ya fitar da wata 'yar na'ura mai suna Portastudio wadda take ɗaukar sauti huɗu dabam-dabam a kan kaset ɗaya, har Bruce Springsteen ya ɗauki faifansa Nebraska na 1982 da ita a ɗakin kwana. (Kamfanin nan kuwa na Japan ne.) Zuwa zamanin Mitski kwamfuta ta karɓi aikin kaset, dandalin Bandcamp kuma ya ba mawaƙi damar sayar da aikinsa a intanet ba tare da dillali ba.

Faya-fayanta biyu na farko, Lush na 2012 da Retired from Sad, New Career in Business na 2013, aikin makaranta ne, ita ta fitar da su da kanta. A kan fiyano aka gina su, na biyun ma har da taron ɗalibai makaɗa wajen 60. Da ta gama karatu duk wannan gata ya yanke: babu situdiyon makaranta, babu makaɗan kyauta, fiyano kuwa ba ya shiga mota. Sai ta ɗauki jita, ta haɗa kai da Patrick Hyland, wanda suka yi makaranta tare, suka ɗauki Bury Me at Makeout Creek a gidajen mutane da ɗakunan wucin gadi. Wani ƙaramin kamfani, Double Double Whammy, wanda ɗaliban Purchase suka kafa, shi ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2014. Waƙoƙi goma ne, dukansu ba su wuce rabin awa da kaɗan ba.

Talaucin kayan aiki ya bar tabonsa a amon faifan, kuma a wannan tabon ne ya kamata a fara neman jigo. Muryar mawaƙiyar ta wadda ta sha horo ce, a saisaye take, ba ta kauce wa kari, tana furta ko wace gaɓa sarai. Jitar da ke ƙarƙashinta kuwa a gurɓace take, tana ƙara tana kaushi kamar za ta fasa lasifika. Ba a yi ƙoƙarin sasanta su ba. Galibin mawaƙan indi rok sukan sassauta murya ta yi daidai da kiɗan, su riƙa waƙa kamar ba su damu ba. Ita ba ta iya wannan sakacin ba, ko kuwa ba ta yarda ta koya ba. Sakamakon haka mai saurare yakan ji kamar baƙuwa ce mai ladabi ta shigo ɗakin da samari ke hayaniya, ta iya wasan nasu sarai, amma zamanta ya nuna ba a nan ta tashi ba.

Sunan faifan ma abin dubawa ne. Ma'anarsa ita ce a binne ni a rafin da samari da 'yan mata ke zuwa holewa, kuma daga bakin wani yaro Milhouse aka ɗauko shi a wasan zanen talabijin na The Simpsons. Shi kuwa wasan yana shaguɓe ne ga sunan littafin Dee Brown na 1970, Bury My Heart at Wounded Knee, wanda ya ba da tarihin yadda aka raba Indiyawan Amurka da ƙasarsu. Zaɓen makwanci magana ce ta asali. Mutum yakan so a kai shi inda aka binne cibiyarsa. Wadda ba ta da irin wannan wuri sai ta zaɓi rafin da babu shi, a garin da babu shi, daga wasan da yaran duniya suka san Amurka ta cikinsa tun ba su taka ta ba. Raha ce, amma raha mai ɗaci.

Waƙar farko, "Texas Reznikoff", ta haɗa sunan jihar Teksas da na Charles Reznikoff, marubucin waƙoƙi haifaffen Buruklin wanda iyayensa Yahudawa ne da suka yiwo ƙaura daga Rasha. Tana farawa a hankali da jitar katako, mai maganar tana kwaɗayin masoyi da wurin zama a tare, kamar ba ta iya raba su. Can sai kiɗan ya fashe. Wannan zubi na lallaɓawa sa'an nan fashewa tsohon salo ne na ƙungiyar Pixies tun ƙarshen shekarun 1980, kuma za a sake komowa kansa. Ta biyu, "Townie", sunanta yana nufin ɗan gari, irin wanda aka haifa a garin da ke da jami'a, yana kallon ɗalibai suna zuwa suna wucewa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A nan raɓar ce ta ari bakin ɗan gari tana rera ƙosawarsa da wurin da ya gaji da shi, ƙosawar da ita ba ta taɓa daɗewa a ko'ina ba balle ta ɗanɗana.

A "First Love / Late Spring" ne Japanancin ya fito. Layi ɗaya ne a cikin gindin waƙar, yana magana a kan ƙuncin ƙirji, ba a fassara shi ba, ba a yi masa shimfiɗa ba, kiɗan ma bai canza don zuwansa ba. Ba a sako wani kayan kiɗan gargajiya na Japan don a yi masa rakiya ba. Ya zo ne daidai inda zafin ya kai iyaka, kamar yadda mai harshe biyu kan suɓuce ya koma harshen uwa in wuya ta yi wuya, ya kuma dawo bai ma lura ba. Malaman da ke nazarin sauya harshe a tsakiyar zance sun san wannan sarai. Abin da ya sa layin ya yi nauyi shi ne kaɗaicinsa. Da an yi ta yayyafa Japananci a ko wace waƙa da ya zama ado kawai. A wannan waƙa kuma akwai ishara ga wata waƙar Ida Cox ta 1924, watau ta jawo gadon mata baƙar fata masu waƙar bulus ta ajiye kusa da harshen mahaifiyarta.

Sauran waƙoƙin tsakiyar faifan ba su kai waɗannan ba. "I Don't Smoke" da "Jobless Monday" koken soyayya ne da rashin abin hannu, an yi su da kyau amma wasu ma sun yi irinsu. "Drunk Walk Home" tana ƙarewa da kururuwa zalla ba kalma, wadda takan girgiza mutum a jin farko, a ji na biyar kuwa sai ta zama dabara.

Ɗan Butterfly ya yi magana

Puberty 2 ya fito ranar 17 ga Yuni, 2016, daga kamfanin Dead Oceans. A situdiyo aka ɗauke shi wannan karon, Acme da ke yankin Westchester na jihar Niyok, amma cikin mako biyu, kuma aikin bai wuce hannun ita da Hyland ba. Saboda haka halin aikin gida bai bar shi ba. Waƙa ta biyar a cikin goma sha ɗaya, "Your Best American Girl", ita ce ta ɗaga sunanta, ita ce kuma tushen duk maganar ruwa biyu da ake yi a kanta. Don a fahimce ta dole a koma baya shekara ɗari da 'yan kai.

A watan Fabrairun 1904 aka fara nuna wasan opera na Giacomo Puccini mai suna Madama Butterfly a birnin Milan. Labarinsa na wani hafsan sojan ruwan Amurka ne, Pinkerton, wanda ya auri wata yarinya a Nagasaki auren wucin gadi, ya tafi ya bar ta da ciki, ya dawo bayan shekara uku da matarsa Ba'amurkiya don su karɓi ɗan. Yarinyar ta kashe kanta. Ɗan nan, wanda shi ne ɗan ruwa biyu mafi shahara a dandalin Turai, yana fitowa a wasan amma ba a ba shi abin rerawa ba. Ana ɗaukarsa ana ajiyewa, ana kuka a kansa. A 1996 ƙungiyar Weezer ta Amurka ta fitar da faifai ta sa masa suna Pinkerton, da zanen Hiroshige a bangonsa. A ciki akwai waƙar da mawaƙin ke begen wata yarinya da ta aiko masa wasiƙa daga Japan, akwai kuma "El Scorcho" wadda ta buɗe da ambaton 'yan mata masu rabin jinin Japan a matsayin abin da ke rikita shi. Faifan nan ya zama kamar allon karatu ga samarin da suka taso da kiɗan indi rok. A cikinsa 'yar ruwa biyu abar sha'awa ce, ana waƙa a kanta, ba a tambayi bakinta ba.

To, amon jitar da ke fashewa a gindin "Your Best American Girl" irin na gidan su Weezer ne, kuma ba kuskure ba ne: mawaƙiyar ta faɗi cewa da gangan ta ɗauko salon kiɗan fararen samari. Waƙar tana farawa da murya ƙasa-ƙasa da jitar katako, mai maganar tana kamanta saurayin da rana, ita kuwa ta ƙi ba kanta ko matsayin wata. Kiɗan yana taruwa a hankali har ya ɓalle. Abin da aka ajiye a daidai wurin ɓallewar shi ne abin mamaki. Ba launin fata ba ne, ba siffar ido ba, ba sunan ƙasa ba. Iyaye mata biyu ne: uwar saurayin, wadda aka san ba za ta gamsu ba, da uwar mai maganar, wadda tarbiyyarta ce abin da ba za a gamsu da shi ba. Duk wanda ya san yadda ake binciken asali kafin aure ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mutum yana iya gyara lafazinsa, ya sake tufafi, ya koyi wasannin gari, amma yadda aka koya masa gaisuwa da cin abinci da yin shiru ba ya wankuwa, kuma surukar da ba ta taɓa ganin sa ba ta riga ta yanke hukunci a kai.

Gwanintar waƙar tana cikin yadda gindin ke sauyawa. Sau uku mai maganar take nuna cewa ita dai ta yarda da tarbiyyar uwarta. A karo na farko da shakka ta faɗa. A na biyu shakkar ta kau, ta faɗa da tabbaci, kiɗan yana kan ganiyarsa. Da nan aka tsaya da an sami waƙar nasara irin wadda ake so a taron matasa. Sai dai a ƙarshe, bayan hayaniyar ta lafa, maganar ta sake dawowa da shakkarta ta farko. A tsakani kuma ta riga ta amsa cewa saurayin nan shi ne duk abin da take so, kuma ta san za ta yi nadama. Yawancin masu sharhi a karo na biyu suka tsaya da saurare.

Hoton bidiyon da Zia Anger ta shirya wa waƙar ya taimaka wajen wannan gajeren ji. A ciki an nuna mawaƙiyar cikin jajayen kaya tana ɗaga wa wani farin saurayi hannu, sai wata farar budurwa ta shigo, su biyun suka rungumi juna har suka lulluɓa da tutar Amurka, ita kuwa ta koma tana sumbatar hannunta, daga bisani ta ɗauki jita. Hoton ya fito da launin fata fili, abin da kalmomin suka ƙi yi. Da sharhi ya yi yawa cewa waƙar ramuwar gayya ce a kan fararen samarin indi rok, sai ta yi rubutu a Facebook tana cewa ita waƙar soyayya ta rubuta, tana cikin son mutum ne ta yi ta. Bai zama dole manazarci ya karɓi fassarar mawaƙi a kan waƙarsa ba, amma a nan matanin yana bayanta. Wanda ya mai da waƙar taken gwagwarmaya ya cire mata abin da ya sa take ciwo, watau cewa mai maganar tana son shiga gidan da ta san ba za a karɓe ta ba, kuma sanin bai rage son ba.

Tsabta

Akwai wani zare da ya ratsa faya-fayan biyu wanda ba a cika kula da shi ba. A waƙar ƙarshe ta faifan 2014, "Last Words of a Shooting Star", mai maganar tana cikin jirgin sama da ke tangal-tangal, abin da ya kwantar mata da hankali kuwa shi ne ta bar ɗakinta a kintse, don haka za a tuna da ita da alheri. A waƙar farko ta faifan 2016, "Happy", an mutunta farin ciki ya zama baƙo namiji da ya zo da ɗan abin taɓawa, aka ba shi shayi, ya biya bukatarsa ya sulale, ya bar mai gida da kwashe kwanuka. A ƙarƙashi kuma wani bugun inji yana ta maimaita kansa kamar faifan da ya maƙale. A ta ƙarshe, "A Burning Hill", farar riga ce za a sa don a fita a ga mutum fes. Sau uku ke nan, kuma duk a bakin ƙofar faifai, ko wajen shiga ko wajen fita.

Japanawa suna da karin magana cewa tsuntsun da zai tashi ba ya gurɓata ruwan da ya bari, kuma da wuya mai sharhi ya ƙi jarabar cewa ga tarbiyyar uwar nan ta fito. Mai yiwuwa ne. Amma a yi hattara, domin ta wannan ƙofa ce ake shigo da tsohon hoton Bajapaniya mai ladabi mai haƙuri, hoton Butterfly ke nan, a manna wa mawaƙiyar da ta ɗauki jita don ta tsere masa. Akwai bayani mafi kusa: wanda ya saba tashi duk bayan shekara ɗaya ko biyu ya saba mayar da ɗaki yadda ya same shi, ya kuma san cewa abin da za a tuna da shi ke nan. Halin baƙo ne ko daga ina ya fito. Waƙoƙin ba su zaɓi ɗaya daga cikin bayanan biyu ba, bai kuwa kamata a zaɓa musu ba.

Inda aka gaza

Ba a rasa abin zargi ba. "Crack Baby" ta ɗauki jariran da aka haifa da jarabar hodar iblis ta mai da su abin kamanta ƙishin farin ciki. Laƙabin nan a Amurka ta shekarun 1980 makami ne da jaridu da 'yan siyasa suka yi ta sukar matalautan mata baƙar fata da shi. Mawaƙiyar da ta san zafin a yanke wa uwa hukunci daga nesa ya kamata ta fi kowa jin nauyin aron wannan suna, kuma waƙar ba ta yi wani aiki da zai biya bashin ba. "A Loving Feeling" kuwa, wadda ba ta kai minti biyu ba, ta ƙare tun ba ta zauna ba. Gajarta a wurin Mitski wani lokaci ƙarfi ce, kamar a "My Body's Made of Crushed Little Stars" inda ake dukan jita kamar za a tsinke ta ana lissafin kuɗin haya da neman aiki. Wani lokaci kuwa alama ce ta aikin da aka tashi daga kansa da wuri.

Zargi mafi girma ya shafi jigon kansa. Uwar da aka gina shahararriyar waƙar a kanta ba ta da fuska, ba ta da murya. An ce an yarda da tarbiyyarta, amma ba a nuna ko abu ɗaya da tarbiyyar ta ƙunsa ba. An san ta ne kawai ta idon surukar da za ta ƙi ta. Ma'aunin dai na Amurka ne, ko a lokacin da ake ƙin sa. Ɗaya gefen labarin, watau yadda Japan take kallon 'yarta da ta dawo da baƙuwar fuska, wanda fim ɗin Hafu na Megumi Nishikura da Lara Perez Takagi ya bi diddiginsa a 2013, babu shi sam a faya-fayan nan. Ana iya kare ta da cewa ba ta ɗauki alkawarin zama 'yar rakiyar masu yawon buɗe ido ba, kuma mawaƙin da ba fari ba a Amurka yakan sha matsin lamba ya baje kayan gidansu a faranti. Kariyar tana da ƙarfi. Duk da haka a "Class of 2013", waƙar da ke kan faifanta na makaranta, ta yi wa uwar magana kai tsaye, tana roƙon a bar ta ta kwana a gida ta ɗan huta kafin ta fuskanci duniya, kuma a cikin 'yan layukan nan uwar ta fi kasancewa mutum fiye da yadda ta kasance a dukan Puberty 2. A 2015, a wani ɗan wasa da ta yi a ofishin gidan rediyon NPR, ta ɗaga jitar zuwa bakinta ta rera wannan waƙa a cikin wayoyinta, har muryar da ƙarar ƙarfen suka gauraya. Faifan da ya biyo baya, Be the Cowboy na 2018, ya ajiye jitar mai kaushi gefe ya koma ga fiyano da kiɗan rawa, mawaƙiyar kuma ta fara sa wasu mata ƙagaggu suna magana a madadinta.